Sauro a Layin Baya

Kawunta ne ya laƙaba mata suna Sauro tun tana rarrafe, don ƙafafunta kamar tsinken tsintsiya suke, ga kuka siriri mai shiga kunne. Da ta yi wayo ya ɗora ta a kan ƙaramar motar tsere, irin mai kujera ɗaya wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa. Injin ya fara nasa siririn kukan, sai sunan ya zauna daram. Har lasifikar filin tsere da shi take kiranta.

Maman Sauro tela ce. Ba ta taɓa son wannan wasa ba, ba ta kuma taɓa fashin zuwa ba. Ita ta ɗinka rigar tseren da hannunta, ta ninka ƙyalle a gwiwa da kafaɗa har allura ta karye mata. Duk ranar tsere tana rataye da jaka mai bandeji da auduga da man zafi da gorar ruwa. Sauran iyaye suna taruwa a inuwar rumfa kusa da layin gamawa, inda ake tafi da ɗaukar hoto. Ita kuwa can take tafiya ƙarshen doguwar hanya, bakin wata muguwar kwana da ake kira Gwiwar Hannu, inda yara suka fi yin karo. A ganinta, in wani abu zai faru, gara ta zama ta farkon isowa.

Tseren wannan ranar shi ne na ƙarshe a shekara, shi ne kuma na ƙarshen Sauro a ajin ƙanana, don shekarunta sun kai. Ƙungiyar fili tana da manyan motoci uku da take ba yara aro a aji na gaba, kuma ukun farko a wannan tsere su za a ba. Wanda bai shiga uku ba, sai dai in gidansu na da babbar mota. Gidansu Sauro babu ita, babu kuma alamarta. Ƙaramar ma Kawu ne ya harhaɗa ta a garejinsa. In ta zo ta huɗu, to tuƙi ya ƙare ke nan.

Ana gobe tsere, da yamma, Maman Sauro ta kira ta cikin shago don ta gwada rigar, saboda ta sake sako mata ƙafar wando. Yarinyar tana ɗaga hannu za ta zura, sai uwar ta hango shi: jini ya kwanta a haƙarƙarin dama, baƙi ƙirin a tsakiya, gefensa ya fara yin ruwan ɗorawa. Ba na jiya ba ne, ba na shekaranjiya ba.

"Mene ne wannan?"

"Ba komai, Mama."

"Ba komai ne ya yi launi haka? Juyo nan."

"Notin kujera ne kawai. In na sha kwana yana ɗan taɓa ni."

"Tun yaushe?"

Sauro ta kalli keken ɗinki, ta kalli almakashi, ta kalli ko'ina ban da fuskar uwarta. "In na faɗa za ki ce in daina."

Maman Sauro ta shafa mata man zafi, ta ɗauko guntun soso mai kauri, ta yanka shi daidai faɗin tafin hannu biyu, ta ɗinka masa riga.

Da safe suka isa fili a bayan motar Kawu. Ya sauke ƙaramar motar a kan ƙarfen ɗora ta, ya duba iskar taya, ya ɗauki jarka ya tafi karɓo mai. Sauro ta bi ƙawayenta zagaya hanya da ƙafa. Maman Sauro ta durƙusa ta leƙa cikin kujerar. Ga notin nan, kansa a turo, har ya yi sheƙi don gugar riga. Shi ne ke riƙe da wani ɓangaren dalma da aka ɗaura a gefen kujerar ta waje.

Ta san amfanin dalmar, ba wai ba ta sani ba. Doka ce, mota da direba in an haɗa su a sikeli sai sun kai wani nauyi, don kada mara nauyi ya fi sauran gudu a banza. Sauro kuwa iska ma tana iya ɗaukarta, shi ya sa Kawu ya ɗaura mata dalma har gida uku tun farkon shekara. Amma ai tun farkon shekara ne. Ita da ke ɗinka wa yarinyar kaya ta fi kowa sanin yadda ta girma. Ta sako ƙafar wando, ta sako hannun riga, ta sake sakowa, takalmi ma an canza. Yarinyar da ta ƙaru haka, ina za a ce har yanzu tana bukatar dalma uku? Guda biyu sun isa, har da rara.

Ta zaro sifana daga akwatin Kawu, ta kwance notin, ta cire dalmar ta jefa ƙarƙashin kujerar motarsa, ta manna sosonta a wurin. Ta danna da hannu, laushi kamar matashin kai. Sai a lokacin ta ji numfashinta ya sauka.

Kafin tsere akwai zagayen gwaji. Kowane yaro yana fita shi kaɗai ya yi iyakar gudunsa, a auna lokacinsa. Wanda ya fi sauri shi ke tashi a gaba, na biye a gefensa, haka bibbiyu har zuwa layin baya. Sauro ta fita, ta sha Gwiwar Hannu a gaban uwarta ba tare da ta karkata jiki tana kare haƙarƙari ba, ta wuce kamar an harba ta. Da aka gama, lasifika ta yi ƙara: cikin yara goma sha biyu, Sauro ce a gaba.

Maman Sauro ta taho da gudu-gudu, jaka na dukan ƙugunta. Ta tarar da Kawu yana ta rawa da jarka a hannu.

"Auta, kin gani? Kin ga 'yata? Layin gaba! Wanda ya tashi a gaba a filin nan ai ya ci rabi. Hanya fes, ba hayaƙi, ba mai tare ka. Yau sai dai su ga ƙurarta!"

"'Yarka ko 'yata, Yaya?"

"In ta ci tawa ce, in ta yi rashin ji taki ce."

Suna dariya aka tura motar kan sikeli, Sauro na zaune a ciki da hular kwanonta a cinya. Mai sikeli dattijo ne mai farin gemu, ba ya gaggawa, ba ya kuma wasa da aikinsa. Ya dubi allon, ya goge tabarau, ya sake duba.

"Sauka, 'yan mata. Sake hawa."

Ta sake hawa. Ya girgiza kai.

"Ba ta kai ba."

"Wace ce ba ta kai ba?" in ji Kawu. "Baba, duba sikelinka dai. Ni na auna ta da hannuna, har da ɗan ƙari na bari."

"Sikelina lafiyarsa ƙalau. Kai duba motarka."

Kawu ya sunkuya ya shafa gefen kujera. Hannunsa ya tarar da ramin noti babu noti. Ya leƙa ciki, ya ga soso cikin riga mai ɗinki tsaf, irin ɗinkin da ya sani tun suna yara. Ya ɗago a hankali.

Maman Sauro ba ta jira ya tambaya ba. "Ni na cire. Notin yana cin haƙarƙarinta. Na ga ta girma, na ɗauka biyu sun isa."

"Ta girma!" Kawu ya dafe kai. "Tsawo ta yi, Auta, tsawo! Sikeli ruwansa da tsawo? Dube ta, ko ƙashi ɗaya kin ga ya yi nama? Wannan ba zani ba ne da za ki rage nan ki ƙara can!"

Ta juya wurin dattijon. "Baba, yarinyar ba ta san komai ba. Laifina ne. In da hukunci, ni a yi wa. A hana ni shigowa fili, na yarda."

"'Yata, ba ke kika zauna a kujerar ba," in ji shi, muryarsa ba faɗa. "Na san ba ha'inci kika yi niyya ba. Amma in na ɗaga miki yau, gobe kowa ya zo da nasa uzurin. An soke lokacinta. Ku mayar da dalma, ta tashi a ƙarshe."

Sauro ba ta yi kuka ba. Da ta yi kukan ma da ya fi sauƙi. Ta sauko daga motar, ta rungume hular kwanonta, ta tafi bayan motar Kawu ta zauna a kan taya.

Kawu ya kama aiki yana mita. Ya ɗauko dalmar, ya nemo wani noti mai shafaffen kai, ya juya shi ta yadda tsinin zai kalli waje. "Da kin yi min magana, da aikin ƙiftawar ido ne. Ita ma uwar ɓoye-ɓoyen, da ta faɗa min tun tuni. Ku biyun nan halinku ɗaya, kowa ya ƙulle abu a ciki." Ya ɗauki soson zai jefar, ya matsa shi, ya fasa, ya mayar da shi kan notin. "Wannan dai ya yi kyau, ba zan ƙi gaskiya ba."

"Yaya, daga baya za ta iya shiga uku?"

Ya ɗaure notin tamau kafin ya amsa. "Tunda nake zuwa filin nan ban taɓa gani ba. Hanyar matsattsiya ce. Na gaba yana tuƙi ne, na baya yana jira. Duk wanda za ki wuce sai ya ci miki zagaye guda ko biyu, kafin ki gama da shi na gaba sun yi nisa. Wurin wucewa na kirki ɗaya ne, Gwiwar Hannu. Mota goma sha ɗaya a kwana ɗaya? Ki yi addu'a kawai ta gama lafiya."

Ta ɗauki gorar ruwa ta zagaya bayan motar. Ta tsuguna a gaban yarinyar har idanunsu suka daidaita.

"Na ɓata miki. Ki yafe ni."

Sauro ta ɗaga kafaɗa. "Dama ba kya so in yi."

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki. Sau nawa ta tsaya a bakin kwanar can tana fatan yarinyar ta wayi gari ta ce ta gaji, ta koma wasan da ba shi da inji? Amma ba ta wannan hanyar ba. Ba ta hannunta ba.

"Saurara," ta ce. "Kawunki ya san inji, amma daga rumfa yake kallo. Ni kuwa shekara nawa ina tsaye a Gwiwar Hannu? Na san yadda kowane yaro ke shan ta kamar yadda na san awon wuyan masu kawo min ɗinki. A zagayen farko dukkansu ciki suke rububin shiga. Kowa na tsoron a ƙwace masa ciki, sai su cunkushe kamar awaki a bakin ƙofa, wani ya daki wani. Waje kuwa wayam, ba kowa. Akwai ɗan yashi a can gefe, amma kafin yashin akwai kwalta mai kyau da ta isa mota ɗaya."

Sauro ta ɗago.

"Mai jar hula yana taka birki da wuri, matsoraci ne kamar ni. Tagwayen nan junansu suke kallo, ba sa kallon baya. Mai lamba bakwai kuwa in ya ji ki a bayansa zai tare ciki, sai kwanar ta jefa shi waje wajen fita. Ki bar shi ya tare, ki shigo ta cikin da ya bari."

"Mama, ke da kullum kike cewa a hankali?"

"Yau ma a hankali. Amma kada ki ɗaga ƙafa daga kan totur in ba dole."

Aka jera motoci bibbiyu. Yaron da ya zo na biyu a gwaji, mai koriyar mota, shi ya gaji wurin Sauro a gaba. Ita kuwa tana can ƙarshe, gabanta bayan motoci da shuɗin hayaƙi. Maman Sauro ta koma bakin kwanarta, ta kama wayar shinge da hannu biyu.

Tuta ta sauka. Ƙarar ta taso daga nesa tana ƙaruwa, sai ga su sun cika doguwar hanya. Mai koriyar mota ya shiga kwana shi kaɗai, ya fita abinsa ba wanda ya taɓa shi. Na bayansa suka dunƙule a ciki. Taya ta goga taya, wata mota ta juya ta tsaya a gicciye, biyu suka cije birki a bayanta. Sai ga wata siririyar aba ta zagayo ta waje, tayarta na shafar bakin yashi, ta wuce daf da shinge har Maman Sauro ta ga ɗinkin da ta yi a kafaɗar rigar.

Ta ƙirga hulunan da ke gaba da yatsa. Shida. Sauro ce ta bakwai.

Daga nan aikin ya koma na haƙuri. Mai jar hula ya taka birki da wuri kamar yadda ya saba, ta wuce shi. Tagwayen suka ɓata mata lokaci, don suna jere sun cika hanya, sai da ɗaya ya yunƙura zai wuce ɗan'uwansa suka buɗe tsakiya, ta kutsa ta bar su suna kallon juna. Duk zagayen da ta zo, Maman Sauro tana ganin abin da Kawu ya faɗa da idonta. Mai koriyar mota yana ƙara nisa, ba don ya fi kowa gudu ba, sai don ba wanda ke gabansa. Tuƙinsa yake a natse kamar mai zuwa aike. Wurin Sauro ke nan, ita ta cire mata shi da sifana. Ta ci gaba da kallo.

Sauro ta zama ta huɗu. Gabanta mai lamba bakwai, shi ne na uku, kuma ya san abin da ke hannunsa. Ya tare ta a wannan zagaye, ya tare ta a na gaba. Ta leƙa dama ya rufe, ta leƙa hagu ya rufe. Sau ɗaya hancin motarta ya taɓa bayansa, motar ta yi rawa, Maman Sauro ta ji hannunta ya kai kan jakar bandeji da kansa. Ta janye shi ta mayar kan waya.

Lasifika ta ce zagayen ƙarshe.

Suka taho a doguwar hanya kamar an ɗaure su da igiya. Sauro ta karkata ciki, a fili, don ya gani. Ya gani, ya faɗa ciki da sauri ya tare, saurin ya yi masa yawa. Ita kuwa ta riga ta koma waje, ta taka birki, ta bar shi ya wuce gabanta yana zamewa zuwa bakin yashi. Ta juya sitiyari ta shigo ta cikin da ya bari. Suka fito kafaɗa da kafaɗa.

Maman Sauro ba ta san lokacin da ta hau ƙarfen shinge ba. Matar da ko ciniki ba ta ɗaga murya, sai ga ta tana ihu har jijiyar wuya: "Taka! Taka, 'yata, taka!"

Suka ɓace a bayan tarin tayoyin da aka jera a kwana ta gaba. Daga inda take ba a ganin layin gamawa. Ta sauko, ta tattare zani, ta sheƙa a guje ta bayan shinge, takalmi ɗaya ya fita ta bar shi. Tana tsakiyar hanya lasifika ta fara kiran sakamako. Mai koriyar mota na ɗaya. Wata yarinya mai lamba biyu ta biyu. Mai maganar ya ɗan tsaya, kamar shi ma yana sake dubawa.

"Ta uku, daga layin baya, Sauro!"

Ta iso tana haki, ta tarar an riga an auna motocin an sallame su. Kawu yana zaune a ƙasa dirshan, hularsa a gwiwa, yana share ido da bayan hannu mai baƙin mai.

"Hayaƙi ne ya shigar min ido," ya ce tun ba a tambaye shi ba.

Sauro tana cikin kujerar har yanzu. Uwar ta kwance mata hular kwano. Gashin ya jiƙe sharkaf, fuskar ta yi baƙi da ƙura ban da zagayen ido. Can gefe ana ɗaga mai koriyar mota sama da kofi a hannunsa. Yarinyar ta bi shi da kallo.

"Kofin nan nawa ne fa, Mama."

"Naki ne. Na sani."

"Amma kin ga yadda na yi wa lamba bakwai?"

"A gabana kika yi."

"Na ji muryarki. Har cikin hula na ji."

"Ƙarya kike, ni ban yi ihu ba."

Sauro ta yi dariya, ta miƙa hannu za ta karɓi gorar ruwa, amma yatsunta sun ƙage don riƙon sitiyari. Uwar ta tallafe mata ƙeya, ta kafa mata gorar a baki, tana sha ruwan na gangarowa ta haɓa.

Shugaban ƙungiya ya ratso mutane, wata mata mai koyar da aji na gaba tana biye da shi. Matar ta tsaya a kansu, ta dubi yarinyar, ta dubi motar da aka harhaɗa da guntayen ƙarfe.

"Babbar mota ta uku ta wannan ce. Sati mai zuwa a kawo min ita mu gwada. Ina iyayenta? 'Yar waye?"

Kawu ya buɗe baki, sai ya dubi ƙanwarsa ya rufe. Maman Sauro ta miƙe tsaye, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Tawa ce," ta ce. "Wace rana, kuma da ƙarfe nawa?"